Yadda gem ɗin aljihu ke zama kwamfutar lokacin dumso: tambayoyi da amsoshi daga Zangon Kumasi

Ni mai gyaran waya ne a Aboabo. Bayan sallar Isha'i nakan share teburin aiki, in kawar da su dalma da sukundireba gefe guda, yaran unguwa su zagaye ni muna koyon kwamfuta. Tun daren da mutane suka ga yaro ya jona madannai a jikin wani ɗan ƙaramin gem yana rubutu, alhali unguwa ta yi duhu ƙirin, tambayoyi ba su yanke mini ba. Wasu a shago, wasu a ƙofar masallaci, wasu ta waya. Na tara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya taɓa.

Malam, wane gem kake nufi? Irin wanda muka yi wasa da shi muna yara, mai tubala suna faɗowa?

A'a, wancan ba ya yin komai sai abin da aka ƙera shi da shi. Wanda nake nufi shi ne sababbin na'urorin aljihu da ake ƙerawa a China don buga tsofaffin wasannin Game Boy da Sega da PlayStation na farko. Za ka ji sunaye irin su R36S, da RG35XX da RG353 na Anbernic, da RGB30 na Powkiddy, da Miyoo Mini Plus. Girmansu bai wuce tafin hannu ba, allon yawancinsu inci 3.5 ne, kuma mafi yawansu Linux ne ke tafiyar da su.

To, ta yaya abin wasa zai zama kwamfuta?

Ai dama kwamfuta ce, riga kawai aka sa mata ta wasa. Ɗauki R36S, wadda ta fi araha kuma ta fi yawa a hannun yara. A cikinta akwai ƙwaƙwalwar RK3326 ta kamfanin Rockchip mai zuciya huɗu, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 1, da ramin katin memori guda biyu, da ramin USB-C guda biyu, da lasifika, da batir. Wanda ya yi zamanin shagunan intanet na Adum a farkon shekarun 2000 zai tuna Windows XP, wanda ya fito a 2001 yana neman RAM megabait 128 don ya yi aiki daidai. Wannan ɗan abin da yaro ke sawa a aljihun jallabiya yana da ninkin hakan sau takwas.

Idan ka kunna ta, jerin wasanni kake gani, domin manhajar da aka umarta ta fara buɗewa ke nan. A ƙarƙashinta akwai Linux cikakke, irin wanda ke tafiyar da manyan kwamfutocin bankuna da kamfanonin waya. Aikinmu shi ne mu kai ga wannan na ƙasan, mu jona madannai, mu zuba abin karatu.

Me ya haɗa wannan da dumso? Kowace kwamfuta ai wuta take ci.

A nan maganar take, kuma saboda ita ce na ɗauki abin da muhimmanci.

Mu a Gana ba baƙin ɗaukewar wuta ba ne. Kalmar dumso kanta daga bakin Tonawa ta fito, "kashe" da "kunna" aka haɗa. Dattawa suna tuna 1983 lokacin da fari ya janye ruwan madatsar Akosombo, aka sake shan irin wannan a 1998 da kuma 2006 zuwa 2007. A watan Agustan 2012 bututun gas da ke tasowa daga Najeriya ya lalace a tekun Togo, daga nan aka shiga doguwar wahala da ta kai ƙololuwa a 2015, lokacin da ake ba mu wuta awa 12 a ɗauke awa 24. Yau abin ya yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da wancan lokaci, amma duk mazaunin Zango ya san ruwan sama mai iska ko taransifoma da ta yi nauyi sun isa su bar layi guda cikin duhu har wayewar gari.

Kwamfutar tebur, da an ɗauke wuta ta mutu nan take, da abin da kake rubutawa. Laftof na hannu da ake shigowa da su, galibi batirinsu ya riga ya gaji, minti 20 ko 30 ya ce ga garinku. Akwai kuma Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar Ingila da aka yi don koyarwa, abu ne mai kyau matuƙa, sai dai tana zuwa tsirara: babu allo, babu batir, babu akwati. Idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubuta wani abu a kati, katin na iya ruɗewa har ya ƙi tashi. Kafin ka saya mata allo da abin riƙe wuta, kuɗin ya ninka.

Ita kuwa na'urar wasan, da batirinta aka haife ta. Wuta ta tafi, wuta ta dawo, ba ta ma san an yi ba. Na sha gani da idona: fanka ta tsaya, ƙwan fitila ya mutu, daga can bakin titi ka ji an ɗauki sowa, sannan janaretoci su fara tari ɗaya bayan ɗaya. A kan teburina kuwa ƙananan alluna uku suna nan suna haska fuskokin yara uku, ba wanda ya ɗaga kai, sai ƙarar madannai kake ji. Wannan hoton shi ya sa nake ɓata dare a kan abin nan.

Awa nawa take yi, kuma nawa za ta ci mini a mita?

Mu yi lissafi tare. Batirin irin waɗannan na'urori yana kaiwa mAh 3,000 ko ɗan sama da haka, a kan bolt 3.7. Idan ka ninka, ya ba ka kimanin wat-awa 11. Na'urar tana jan wat 2 zuwa 3 idan allo yana kunne, wato awa 4 zuwa 5 ke nan. Rubutu da karatu ba sa cin wuta kamar wasa mai nauyi, kuma rage hasken allo yana ƙara lokaci sosai. Kada ka dogara da lambar da aka buga a kwali, ka caja ta ta cika, ka duba agogo, ka ga gaskiyar taka.

Batun mita kuwa, wat 3 na awa 5 kullum har wata guda bai kai rabin yunit ba. Ko an haɗa da abin da caja ke zubarwa, ba za ka cika yunit ɗaya ba. Cajar laftof ita kaɗai wat 45 ko 65 ake rubutawa a jikinta.

Wacce zan saya, kuma a ina?

Ya danganta da abin da kake so da ita.

Idan kuɗi ne matsalar, R36S ce. A kasuwannin intanet na China farashinta yana yawo tsakanin dala 30 zuwa 40 kafin kuɗin kawowa, na faɗa da dala ne don canji ba ya zama wuri guda. Amma ka sani ba ta da Wi-Fi a ciki, kuma ba ta da hanyar jonawa da talabijin. Sannan akwai jabunta da yawa a kasuwa, jiki iri ɗaya, ciki daban, waɗanda tsarin da za mu zuba ba ya hawa kansu yadda ya kamata.

Idan za ka iya ƙara kuɗi, ka nemi mai ƙwaƙwalwar RK3566, kamar RG353 ko RGB30. Waɗannan suna da ramin HDMI, wasu nau'o'in RG353 ma RAM ɗinsu gigabait 2 ne. Ga mai niyyar karatu, ramin HDMI ɗin nan ya fi kowane ƙari daraja, domin duk lokacin da akwai wuta sai a jona da talabijin ɗin falo a samu babban allo.

Miyoo Mini Plus tana da kyau a wasa, amma RAM ɗinta megabait 128 ne kacal. Ka bar ta ga masu wasa.

A nan Kumasi ka fara da shagunan waya na wajen PZ a Adum da na Kejetia. Duk inda ka saya, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Ka tafi da madannai da ɗan adafta a jaka, ka jona, ka ga tana amsawa.

Ban da na'urar, me kuma zan tanada?

Madannai na USB irin na ofis, ko na hannu ne ba laifi. Adaftar OTG, wadda ke mayar da ƙaramin ramin USB-C ya karɓi babban kan USB. A jikin R36S an rubuta DC a kan rami ɗaya, shi ne na caji, an rubuta OTG a kan ɗayan, shi ne na madannai, kuma mutane da yawa sun dawo mini suna cewa ta lalace alhali ramin suka sauya. Idan za ka jona abu fiye da ɗaya, sai ƙaramin mahaɗin USB mai baki uku ko huɗu. Ga marar Wi-Fi, sai ɗan tsinken Wi-Fi na USB, kuma masu ƙwayar Realtek RTL8188 sun fi saurin karɓuwa.

Sai katin memori, kuma ina roƙonka kada ka yi rowa a nan. Katin da ke zuwa cikin na'ura marar suna ne, ba ya daɗewa. Ka sayi na kamfani sananne, gigabait 32 don tsarin, wani 64 ko 128 don littattafai. Kasuwa cike take da katin ƙarya, wanda zai nuna maka 128 alhali cikinsa bai kai 16 ba, sai ka zuba kaya ka ga sun zama iska. Akwai manhajar gwaji kyauta, H2testw a Windows ko F3 a Linux, tana cika katin ta sake karantawa ta gaya maka gaskiya. Araha ba ta ado.

Yaya ake sauya mata tsari? Ba za ta lalace ba?

Abin da ke kwantar da hankali shi ne, a yawancinsu duk tsarin a kan kati yake zaune. Ka cire katin asali ka adana, ka yi gwajinka a sabo. Idan bai yi ba ka mayar da tsohon, ta koma yadda take.

Akwai tsare-tsare da masu sha'awa suka haɗa kyauta: ArkOS, ROCKNIX, Knulli, muOS. Ukun ƙarshe an ɗaure su tamau don wasa, ƙara musu manhaja sai da wahala. ArkOS kuwa a kan Ubuntu, wani sanannen nau'in Linux, aka gina shi, don haka umarnin apt na sauke manhaja yana nan, ko da yake tushen ya ɗan kwana biyu, wani lokaci sai an gyara adireshin da yake ɗebowa. Shi nake amfani da shi. Za ka sauke fayil ɗin tsarin da ya dace da na'urarka, ka rubuta shi a kati da balenaEtcher ko Rufus a kwamfutar wani, ka sa, ka kunna, ka ba shi lokaci ya shirya kansa. Daga nan a jona ta da Wi-Fi, a shiga cikinta ta SSH, hanyar ba ta umarni daga nesa, daga wata kwamfuta a yi saitin farko. Kalmar sirrin da yake zuwa da ita duk duniya ta sani, ka canza ta a ranar.

Ga inda na taɓa ƙonewa. Ɗan yayata ya kawo mini tasa, sabuwa fil, kuɗin da ya tara tun ƙaramar sallah. Na yi gaggawa na goge katin asali na rubuta sabon tsari a kansa. Muka kunna, fitilar jiki ta kama, allo baƙi wuluk. Yaron bai ce komai ba, ya dai tsaya yana kallon hannuna, kuma wannan shirun ya fi mini zafi da a ce ya yi kuka. Abin da ban kula ba shi ne, R36S ba allo iri ɗaya ake sa musu ba, kuma kowane allo yana da ɗan fayil nasa mai ƙarewa da .dtb wanda ke gaya wa tsarin yadda zai yi magana da shi. Nasa yana kan katin da na goge. Dare biyu na yi ina gwada na wasu ɗaya bayan ɗaya kafin haske ya fito. Tun daga ranar, kafin in taɓa kowace na'ura, sai na kwafe duk abin da ke sashen BOOT na katin asali na ajiye a wuri biyu. Kai ma ka yi haka.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia ta ce: Ɗana, yarinyata tana shirin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Wannan zai isar mata a darasin kwamfuta?

Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, ba zai isar ba shi kaɗai. Abin da ake nuna musu a makaranta ya fi karkata ga Windows da Word da Excel, wannan kuwa ba ta ɗaukar Windows. Ba za ta yi Zoom ba, ba za ta yi WhatsApp ba, shafukan intanet na yanzu ma sun yi wa RAM gigabait 1 nauyi. Ana iya ɗora mata fuskar tebur mai linzami da tagogi, amma tafiyar hawainiya za ta yi, kuma a allon inci 3.5 ba daɗin kallo. Duk wanda ya ce miki laftof ce ƙarama, kuɗinki yake so.

Amma ki tuna 2018, lokacin da hoton wani malami a nan yankin Ashanti, Richard Appiah Akoto, ya zaga duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli a kan allo, don makarantarsu ba ta da kwamfutar da zai nuna wa ɗalibai. Yaran da suka koyi kwamfuta da ido kawai suna da yawa a ƙasar nan. Yarinyar da yatsunta suka saba da madannai, ta san mene ne fayil, ta san yadda ake adanawa da buɗewa da sauya suna, ranar da ta zauna gaban Word ba za ta yi rawar hannu ba. Wannan na'urar tana ba da wannan sabon, kuma tana ba da shi ko da wuta ko babu.

To me yaro zai koya a kai takamaimai?

Farko buga rubutu da yatsu goma. Akwai manhaja mai suna gtypist, ba hoto ba kiɗa, tana ba ka layi ka buga ta ƙirga kurakuranka. Wata biyu na rabin awa kullum yana sauya hannun yaro. Sai rubutu da nano, wata ƙaramar manhajar rubutu, a rubuta wasiƙa ko aikin gida a adana. Sai umarnin Linux na yau da kullum. Sai Python, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, wanda shi ne inda na ga idon yara yana buɗewa. Wani ɗalibina ya rubuta ɗan shiri mai layi kusan 30 da ke riƙe wa mahaifiyarsa lissafin masu cin bashin waake da shinkafa: suna, abin da aka ci, abin da aka biya, saura. Ba wani abin a zo a gani ba ne a wajen masana, amma matsalar gidansu ce ya warware da hannunsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Linux yana da tsarin madannai na Hausar Gana, a ƙarƙashin gh, nau'in hausa, wanda ke fitar da wasu haruffa masu lanƙwasa irin su ɗ. Sai dai a zaɓi salon haruffan da ke ɗauke da su, in ba haka ba ɗan akwati za ka gani a gurbinsu. Yaranmu na Zango suna jin Hausa, suna yin ta a gida da kasuwa, amma kaɗan ne suka taɓa rubuta ta da boko. Ranar da na sa su rubuta "ƙasa" da "kasa" su faɗi bambancin, gardamar da ta tashi ta kai mu har ƙarfe goma.

Wani malamin Islamiyya ya ce: Za ta iya riƙe mana littattafai ba tare da sayen data ba?

Allah gafarta Malam, a nan ma ta fi ƙarfi. Akwai manhaja kyauta mai suna Kiwix da ke tattara Wikipedia da wasu taskokin ilimi cikin fayil guda a karanta ba intanet. Akwai ta Hausa, akwai ta Larabci, akwai ta Turanci. Ta Turanci cikakkiya da hotuna ta kai wajen gigabait 100, amma akwai marar hotuna da kuma zaɓaɓɓun fannoni kamar lissafi da likitanci, waɗanda ƙaramin kati ke ɗauka. Sau ɗaya za a sauke a inda intanet ke da ƙarfi, daga nan sai kwafa daga kati zuwa kati.

Dabarar da na fi so ita ce a mayar da na'urar rumbu. A kunna hotspot a wata tsohuwar waya, a yawancin wayoyi ko babu data yana tashi. A jona na'urar a kai, a tayar da kiwix-serve, sannan duk wanda ya jona wayarsa ya buga adireshin na'urar a burauza, sai ga ɗakin karatu ya buɗe masa. Mutum biyar ko shida suna karatu lokaci guda daga abin da ke ajiye a kan taga. A nan ƙanƙantar allonta ba ta dame ka ba, tunda kowa da wayarsa yake karantawa.

Karatun Alƙur'ani na murya da darussan malamai kuwa, zuba su kawai za a yi a kati na biyu. Tana da lasifika da ramin abin kunne, kuma da allo a kashe batirin yana ƙara nisa.

Me zai hana in ba yaro tsohuwar waya, ko in tara in sayi laftof na hannu?

Idan kana da kuɗin laftof mai batir lafiyayye, saye shi, ya fi wannan nesa ba kusa ba. Idan kana da tsohuwar wayar Android a ajiye, ka sa mata Termux, manhajar da ke ba da umarnin Linux a waya, ka jona madannai, za ta yi kusan duk abin da na lissafa ba ka kashe ko sidi ɗaya a sabuwar na'ura ba. Na kan faɗa wa mutane haka ko da ba su tambaya ba.

Sai dai na ga abin da ke faruwa da waya a gidajenmu. Yau ta yaro ce, gobe wayar uwa ta faɗa ruwa an karɓe, jibi yaya ya ara don MoMo, wato aika kuɗi ta waya. Ko ta zauna a hannunsa, TikTok yana nan yana kiransa. Na'urar da ba ta kira, ba ta karɓar kuɗi, ba mai ƙwace ta, kuma ba abin da ke faɗowa a allonta yana jan hankali.

Wani dattijo ya ce: Yaro, kai dai ka kawo wa jikokina wasa ka sa masa sunan karatu.

Baba, tsoronka yana kan hanya, kuma ban raina shi ba. An ƙera abin don wasa, maɓallansa ma na wasa ne. Amma ramin kati biyu da ke jikinsa ya ba ka linzami. Wasanni suna kan kati, karatu yana kan kati. Ka riƙe katin wasa a aljihunka, ka ba da shi ranar Asabar ko bayan an kawo hadda, ka karɓe da magariba. Kati bai kai farce girma ba, ka sa shi a kwalbar turare da ta ƙare don kada ya ɓata.

Ni ban goyi bayan a hana wasan ɗungum ba, domin shi ne ya jawo yawancin yaran zuwa teburina tun farko. Daga "yaya ake yin wannan?" aka gangaro zuwa Python. Abu guda da ya kamata iyaye su sani: dubban wasannin da ake cika katin da su kwafe ne da aka yi ba da izinin masu su ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haka ba, ya goge su, akwai wasanni na kyauta da masu su suka halatta.

Allon bai yi ƙanƙanta ba? Ina jin tsoron idon yaro.

Ya yi ƙanƙanta, gaskiya ce. Allon ɗigo 640 ne a kwance, 480 a tsaye. Da ƙananan haruffan da Linux ke farawa da su, layi yana ɗaukar harafi 80, kowane harafi bai kai milimita ɗaya a faɗi ba, wannan azabtar da ido ne. Ka sauya zuwa manya, irin Terminus mai 16 da 32, layi ya koma harafi 40, jeri 15. Ya isa koyon rubutu da ƙananan shirye-shirye. A jingina na'urar a kan wani abu daidai ido maimakon a sunkuya a kanta, a ajiye fitila mai caji a gefe don kada allon ya zama shi kaɗai ne haske a ɗaki, kuma a huta bayan kowane minti 20 ko 30.

Yaya zan riƙa cajinta, kuma sola za ta yi?

Abin da na koya a shekarun gyaran waya shi ne, ba tafiyar wuta ke kashe kaya ba, dawowarta ce. Takan dawo da ƙarfi, ko ta yi ta kai da komo, caja mai arha ta ƙone ta tafi da abin da ke jikinta. Don haka tsarina shi ne fawa-bank ya sha daga bango, na'ura ta sha daga fawa-bank. Da an ɗauke wuta a zare komai daga soket, idan ta dawo a ba ta minti kaɗan ta zauna.

Fawa-bank mai mAh 10,000 yana riƙe da wat-awa 37 a lissafi, bayan asarar juyawa abin da ke isa na'ura ya kai cika ta sau biyu. Wato da shi da batirinta, kana da karatun dare uku ba ka ga wuta ba. Ka yi amfani da caja ta bolt 5 da kebul mai babban kan USB a gefe ɗaya, USB-C a ɗayan. Da yawa daga cikin na'urorin nan ba sa karɓar caji da kebul mai USB-C a kai biyu, kuma ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera su.

Farantin sola mai wat 20 da ramin USB yana cika irin wannan fawa-bank a yinin da rana ta fito sosai. A watannin Yuni da Yuli da sama ke rufewa a Kumasi, sai ka ba shi kwana biyu. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a kansa kowace safiya. Farantin ne ke son rana, fawa-bank da na'ura a inuwa za su zauna, a ja dogon kebul.

Bayan na'urata ya fara tasowa kamar burodi. In ci gaba da amfani da ita?

Kashe ta yanzu, kada ka sake sa mata caji. Batirin ne ya kumbura, kuma batirin lithium da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Kada ka danne shi, kada ka huda shi don iska ta fita, kada ka bar ta a ƙarƙashin matashi ko kusa da inda yara ke kwana. Ka sa ta a kwanon ƙarfe a wuri mai sanyi, ka kai wa mai gyara. A yawancin na'urorin nan batirin da ɗan fulogi yake, cire sukurori huɗu ko shida ne a sauya shi, sai dai mai gyaran ya duba jan waya da baƙa sun dace da na allon ciki kafin ya jona, domin ba kowane batir ke zuwa da jeri ɗaya ba. Tsohon kuma kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.

Zafi ne ya fi kawo kumburin: barin ta a mota da rana, ko caji dare da rana ba cirewa, ko caji tana kan katifa. Sannan duk lokacin da za ka kashe ta, ka bi ta cikin menu ka zaɓi kashewa, ka jira allo ya mutu da kansa. Danne maɓallin wuta da ƙarfi yana ruɗa kati daidai yadda yankewar wuta ke yi wa kwamfutar tebur. Ƙarshen kowane wata kuma ka kwafe abin da yaro ya rubuta zuwa wani kati ko waya.